Dubu Arba'in da Bakwai a Wurno

Na baro Sakkwato rana ba ta yi ƙarfi ba,
a jakata fom mai shafi goma sha huɗu,
biro biyu, ja da shuɗi,
da kalkuleta mai maƙalewa a lamba bakwai.
Tun daga nesa ƙamshin albasa ya riga mutanen gari tarona.

Miliyan shida aka turo daga Abuja,
tallafin ƙungiyar manoman fadama,
a gina rumbu mai shan iska
kada albasa ta ruɓe kafin ta yi daraja.
Aikina a baki ba wuya:
in bi sawun kowace naira har inda ta kwana.

Nomau ne ma'aji, furfura har gira.
Ya shimfiɗa mini tabarma gindin dogonyaro,
ya ɗauko gwangwanin madara mai tsatsa a baki,
ya zazzage.
Rasit na kwano, na ƙusa, na katako,
na siminti buhu tamanin,
wani ya sha manja,
wani gara ta ɗanɗana gefensa ta bar mini jimla.

Wa ke amincewa a fitar da kuɗi? Ya ce, ni.
Wa ke biya? Ni.
Mabuɗin akwati fa?
Ya dafa aljihun taguwa.
Karin maganar kura da ajiyar nama ta zo mini har leɓe,
na dubi takalminsa mai ɗinki uku,
na haɗiye ta.

Har la'asar ina tarawa.
Dubu arba'in da bakwai ba su da takarda.
Na sake, na sake,
bakwai ta maƙale, na buga ta da farce,
giɓin bai matsa ba.

Ya ce, "Jakkai na, ɗiyata.
Randa ruwa ya cinye hanya mota ta ƙi shigowa,
su sunka ɗauko siminti daga bakin titi.
Mai jaki ba shi da hatimi,
shi ko jaki bai yi boko ba."

Na shiga rumbun.
Na ƙirga ginshiƙai, sun cika.
Albasa kwance hawa-hawa, busasshiya, jajir,
iska na ratsa ta kamar mai duba barcin yara.

Sai na tuna makon jiya, a birni,
ofis mai sanyin na'ura, kujera mai juyi,
fayil a goge kamar rigar sallah,
kowane rasit da hatimi uku.
Rijiyar burtsatse takwas, in ji takarda.
Da na je gani da ido
allon sanarwa na tarar,
akuya na tuƙa a inuwarsa.
Akwatunan fom ɗina duk sun ce musu daidai ne.

Duk da haka na zare jan biro.
Ban zo sayar da tausayi ba,
gobe wani ne zai riƙe akwatin nan,
ba kowa ne Nomau ba.
Na rubuta: babu shaidar biya.
Na rubuta: hannu ɗaya ke sa hannu, shi ke ƙirga.
Yana kallon bakin biron, bai ce uffan ba.

Sannan na ce a kira mai jakai.
Bube ya zo da laka a ƙwauri,
na shafa masa tawada a babban yatsa,
ya dangwala, shaidu biyu suka dangwala.
Kwaɗo biyu daga yau, na ce,
mabuɗi ɗaya wurin Hassi magatakarda,
littafi mai layi a madadin gwangwani.
Nomau ya ciro mabuɗin, ya juya shi a tafinsa,
ya ce, "Dama ya daɗe yana hana ni kwana."

Da zan tafi ya biyo ni da kwandon albasa.
Na ce doka ta hana.
Ya yi dariya, ya mayar.
Amma har na shiga Sakkwato bayan isha'i
fom ɗin, shafi goma sha huɗu,
ƙamshinta yake yi.